La Masia: Makarantar da Barcelona Ke Tunawa da Ita Idan Aljihu Ya Bushe

Sharhinmu na yau zai leƙa ƙasar Sifaniya ne, zuwa makarantar horar da yara ta ƙungiyar Barcelona, wadda duniya ta sani da suna La Masia.

A daren 26 ga Oktoban 2024 Barcelona ta je baƙunci gidan Real Madrid, filin Santiago Bernabéu. Madrid ce ke riƙe da Kofin Zakarun Turai a lokacin, ga Kylian Mbappé sabon zuwa, ga Vinícius, ga Bellingham. Aka tashi Barcelona na da ci 4, Madrid na nema. Cikin mutum 11 da koci Hansi Flick ya fara wasan da su, shida renon gida ne: mai tsaron raga Iñaki Peña, da Pau Cubarsí, da Alejandro Balde, da Marc Casadó, da Fermín López, da kuma Lamine Yamal. Cubarsí da Lamine shekarunsu 17 kacal, kuma Lamine ne ya zura ƙwallo ta uku. Kafin kakar ta ƙare, ƙungiyoyin biyu sun haɗu sau huɗu, Barcelona ta yi nasara a duka huɗun, ta kuma haɗa kofuna uku na cikin gida: La Liga, da Copa del Rey, da Super Cup na Sifaniya.

Magoya bayan ƙungiyar, daga Kataloniya har gidajen kallon ƙwallo na Kano da Maraɗi, sun yi ta tinƙaho da cewa su ba sa sayen taurari, renonsu suke yi. Akwai gaskiya a maganar, amma ba ita ke nan ba. Tarihin shekarun baya-bayan nan ya nuna cewa shugabannin Barcelona sun juya wa makarantar nan baya lokacin da kuɗi ke shigowa, ba su waiwaye ta ba sai da bashi ya shaƙe su. Kuma talaucin da ya buɗe wa yaran ƙofa, shi ne ya ɗora musu kayan da ya fi ƙarfin shekarunsu.

Asalin La Masia wani tsohon gidan gona ne na dutse, ginin 1702, da ke jikin filin Camp Nou. A watan Oktoban 1979, zamanin shugabancin Josep Lluís Núñez, aka mayar da shi masaukin yaran da ƙungiyar ke ɗaukowa daga garuruwa masu nisa. A 2011 aka tashi daga nan zuwa sabon gini a Sant Joan Despí, bayan gari, wanda ke ɗaukar yara fiye da 80, aka sa masa sunan Oriol Tort, mutumin da ya shafe shekaru yana yawon filayen unguwanni yana zaƙulo wa ƙungiyar yara. Ba duka yaran makarantar ke kwana a can ba. Da yawa suna gaban iyayensu, ƙungiyar ce ta riƙa hayar tasi ta ɗauko su ta mayar da su.

Gini dai kowa na iya yi. Abin da ya bambanta La Masia shi ne irin karatun da ake bayarwa a cikinta.

A 1972 wani mai horarwa mai suna Laureano Ruiz ya karɓi matasan ƙungiyar. Shi da kansa ya sha ba da labarin cewa ya tarar da wata takarda manne a ƙofar ofis, tana cewa duk wanda ya zo tallar matashin da tsawonsa bai kai mita 1.80 ba, ya juya ya koma. Ruiz ya yi fatali da wannan tunani. Ya nace a kan cewa kai da ƙafa ake dubawa a yaro, tsawo da ƙirji sa zo daga baya ko kada su zo. Shi ne kuma aka fi dangantawa da shigo da atisayen da ake kira rondo. Yara biyar ko shida ko takwas su yi da'ira, a jefa ɗaya ko biyu a tsakiya. Na da'ira suna miƙa wa juna ƙwallo da taɓawa ɗaya, in ta yi yawa biyu, na tsakiya suna fafutukar ƙwacewa. Duk wanda ya yi sake aka ƙwace a ƙafarsa, shi zai shiga tsakiya ya sha gudu. Yaron da ya yi shekara goma yana wannan kullum, kafin ƙwallo ta iso shi ya riga ya ɗaga kai, ya ga wanda ke zuwa masa, ya san inda zai aika ta. Ya koyi karɓa da ƙafar da ta fi nisa da abokin hamayya, ya koyi juya jikinsa yadda rabin fili zai kasance a idonsa.

Da Johan Cruyff ɗan ƙasar Holan ya zama kocin babbar ƙungiya a 1988, sai ya sa aka bi salo guda tun daga 'yan ƙanana har zuwa manya. Amfanin wannan a bayyane yake. Yaron da ya taso yana buga lamba 4 ko lamba 8, ranar da aka kira shi cikin manya ba sabon aiki zai koya ba, wurin da ya saba tsayawa nan zai tsaya, sai dai gudun wasan ya ƙaru. Cruyff ne ya ɗauko wani siririn yaro, Pep Guardiola, wanda ya shigo La Masia yana ɗan shekara 13, ya damƙa masa tsakiyar fili. Da shi a cikin fili Barcelona ta ci Kofin Zakarun Turai na farko a tarihinta, a Wembley, a 1992.

Waɗanda suka biyo baya su ne duniya ta fi sani. Xavi ya shigo a 1991 yana ɗan shekara 11. Andrés Iniesta ya zo a 1996 yana ɗan shekara 12, daga wani ƙauye mai suna Fuentealbilla, tafiyar ɗaruruwan kilomita, kuma ya sha faɗa da bakinsa cewa kwanakinsa na farko a gidan nan kuka ya yi ta yi saboda kewar iyaye. Lionel Messi kuwa daga Rosario ta Ajantina aka kawo shi gwaji yana ɗan shekara 13, ɗan mitsitsi, yana fama da matsalar sinadarin girma, allura ake yi masa. Shugabanni suka yi ta jan ƙafa, mahaifinsa ya fara ƙosawa. Ranar 14 ga Disamban 2000, wakilin ƙungiyar, Carles Rexach, ya rubuta alkawarin ɗaukarsa a jikin takardar goge baki ta wurin cin abinci. Ƙungiyar ta ɗauki nauyin maganinsa, iyalinsa suka taso zuwa Barcelona a farkon 2001.

Wannan haƙuri ya ɗauki shekaru kafin kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Guardiola ya fara aikin koci ne da ƙaramar ƙungiyar Barcelona a 2007, a rukuni na huɗu. Da aka ba shi babbar ƙungiya a 2008, ya taho da Sergio Busquets da Pedro, waɗanda 'yan kallo ba su ma san sunansu ba. A wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai a birnin Rum a 2009, inda suka doke Manchester United da ci 2 da nema, bakwai cikin waɗanda suka fara wasan renon gida ne. A 2010, a Johannesburg, shida daga cikin 'yan Sifaniya da suka fara wasan ƙarshe na Kofin Duniya ɗaliban La Masia ne, na bakwai, Cesc Fàbregas, ya taso daga benci ya miƙa wa Iniesta ƙwallon da ta ba su kofin. A kyautar Ballon d'Or ta wannan shekarar, na ɗaya da na biyu da na uku, wato Messi da Iniesta da Xavi, duka makaranta ɗaya suka fito, kuma babu wanda tsawonsa ya yi wa mita 1.70 nisa. Da an bi waccan takarda ta ƙofar ofis, da dukkansu an sallame su.

Ƙololuwar abin ita ce ranar 25 ga Nuwamban 2012 a gidan Levante. Dani Alves ya ji rauni tun farkon wasa, koci Tito Vilanova ya sa Martín Montoya a madadinsa. Daga wannan lokaci, duka mutum 11 da ke sanye da rigar Barcelona a fili sun ratsa ta La Masia. Suka ci 4 da nema.

Sai dai ko a waccan ranar, uku daga cikin goma sha ɗayan sai da aka sa kuɗi aka sayo su bayan sun kuɓuce. Fàbregas ya tafi Arsenal a 2003 yana ɗan shekara 16, ya dawo a 2011 a kan kuɗi kusan yuro miliyan 30, ban da ƙarin da aka yi alkawari. Gerard Piqué ya tafi Manchester United a 2004, ya dawo a 2008. Jordi Alba kuwa sallamarsa aka yi yana matashi, ya je ya yi suna a Valencia, aka biya yuro miliyan 14 a 2012 kafin ya dawo gida. Dalilin tafiyar irin su Fàbregas ba ɓoyayye ba ne: yaro ya duba gabansa ya ga Xavi da Iniesta sun tare hanya, ga ƙungiyar Ingila ta zo da kwantiragin ƙwararru da alkawarin wasa. Kowace makarantar ƙwallo na fama da wannan, domin reno abu ɗaya ne, samar wa wanda aka rena gurbi kuma wani abu ne daban.

Wata matsalar ta fi wannan nauyi, kuma ta shafi Afirka kai tsaye. Da sunan makarantar ya yi tashe, sai Barcelona ta shiga kwaso yara daga nahiyoyi daban-daban. Gidauniyar Samuel Eto'o ta kawo yara da dama daga Kamaru, cikinsu har da masu tsaron raga biyu, André Onana da Fabrice Ondoa. An kawo Lee Seung-woo daga Koriya ta Kudu, da Takefusa Kubo daga Japan. Alhali kuwa Sashe na 19 na dokokin musayar 'yan wasa na FIFA ya hana kai yaron da bai cika shekara 18 ba wata ƙasa don buga ƙwallo, in ban da wasu 'yan dalilai: idan iyayensa sun yi ƙaura saboda wani abin da bai shafi ƙwallo ba, ko idan yana tsakanin shekara 16 da 18 kuma a cikin Tarayyar Turai za a yi musayar, ko idan gidansu da ƙungiyar duk suna dab da kan iyaka. A watan Afrilun 2014 FIFA ta samu Barcelona da laifin karya wannan doka a kan yara goma, ta ci ta tara, ta kuma hana ta rajistar sababbin 'yan wasa na zango biyu. Kotun sauraron ƙararrakin wasanni ta duniya ta tabbatar da hukuncin a ƙarshen shekarar.

Ƙungiyar ta kare kanta da cewa yaran suna samun ci da sha da karatu mai kyau a hannunta, magoya baya suka ɗaga ƙyalle a Camp Nou suna cewa kada a taɓa musu La Masia. Amma waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu su ne yaran. Wasu sun yi watanni, wasu shekaru, suna atisaye ba damar buga wasan gasa. Kubo ya tattara ya koma Japan a 2015, kuma da ya cika 18 a 2019, Real Madrid ce ta ɗauke shi. Onana ya wuce Ajax a farkon 2015, ya yi suna a can, ya bi ta Inter Milan har Manchester United. Ondoa shi ya tsare wa Kamaru raga ta ci Kofin Afirka a 2017. Waɗannan su ne aka ji labarinsu. Sauran abokan tafiyarsu da dama sun ƙare a ƙananan ƙungiyoyi.

An kafa dokar ne saboda dillalan bogi da ke karɓar kuɗin iyaye, su kai yara Turai da sunan gwaji, su watsar da su a tasha ba takarda ba kuɗin komawa. Doka ce da ta hau kan kowa. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a gasar Najeriya da rigar Kano Pillars a kakar 2009 zuwa 2010, ƙungiyar VVV-Venlo ta Holan ta saye shi, amma sai da ya jira ya cika shekara 18 a watan Oktoban 2010 kafin a ba shi izinin buga mata wasa. Don haka duk uban da wani ya zo wa da zancen a sayar da gona ko fili a kai ɗansa mai shekara 14 makarantar wata babbar ƙungiya a Turai, ya sani cewa Barcelona da kanta an hukunta ta a kan irin wannan, haka ma Real Madrid da Atlético Madrid da Chelsea daga baya.

Bayan hukuncin FIFA ne Barcelona ta saki hanya. A watan Agustan 2017 Paris Saint-Germain ta biya yuro miliyan 222 ta ɗauke Neymar. Shugabancin Josep Maria Bartomeu ya shiga kasuwa a gigice: Ousmane Dembélé a kan yuro miliyan 105 da ƙari, Philippe Coutinho a kan kusan miliyan 120 da ƙari, sannan Antoine Griezmann a kan miliyan 120 a 2019. Dukkansu gwanaye ne, amma an saye su da tsada, aka yanka musu albashi mai nauyi, kuma ba a salon gidan suka taso ba. Barcelona ta zama kamar manomin da ya bar gonarsa ta yi ciyawa, ya koma auno hatsi a kasuwa da bashi. A watan Afrilun 2018, a wasa da Celta Vigo, ƙungiyar ta fara wasa babu ɗan La Masia ko ɗaya a fili, abin da rabon da a gani tun shekara 16 da suka wuce. Yara masu hazaƙa suka ci gaba da ficewa. Thiago Alcântara ya tafi Bayern Munich tun 2013, Dani Olmo ya tafi Dinamo Zagreb ta Kuroshiya a 2014 yana ɗan shekara 16, Eric García ya tafi Manchester City a 2017, Xavi Simons ya tafi Paris a 2019.

Sakamakon bai yi wa kowa daɗi ba. A watan Agustan 2020 Bayern Munich ta lallasa Barcelona da ci 8 da 2 a birnin Lisbon, biyu daga cikin ƙwallayen Coutinho ne ya ci, wanda Barcelona ta ba Bayern aro. Annobar korona ta rufe filaye, kuɗin shiga ya karye. Da Joan Laporta ya dawo shugabanci a 2021, ya bayyana cewa bashin da ke kan ƙungiyar ya kai yuro biliyan 1.35, albashi kuma ya zarce abin da ake samu. Hukumar La Liga tana yanka wa kowace ƙungiya iyakar abin da za ta kashe a kan 'yan wasa gwargwadon samunta, kuma wannan ƙa'ida ce ta hana a sabunta wa Messi kwantiragi. Ya yi ban kwana cikin hawaye a watan Agustan 2021. A 2022 ƙungiyar ta sayar da kashi 25 cikin 100 na kuɗin haska wasanninta na La Liga a talabijin, na tsawon shekara 25, don ta samu abin numfashi.

A wannan hali aka tuna da yara. Koci Ronald Koeman ya sa Gavi yana ɗan shekara 17, kafin wata biyu ya buga wa Sifaniya. Xavi, da ya karɓi aikin koci a watan Nuwamban 2021, ya buɗe ƙofar gaba ɗaya. Fermín López, wanda girman jikinsa ya zo a makare har aka tura shi aro ƙungiyar Linares a rukuni na uku, ya dawo ya samu gurbi, ya kuma ci ƙwallo biyu a wasan ƙarshe na gasar Olympics ta Paris a 2024. Cubarsí, ɗan kafinta daga wani ɗan ƙaramin ƙauye kusa da Girona, an jefa shi wasan Kofin Zakarun Turai da Napoli a watan Maris na 2024, aka ce ya tsare Victor Osimhen. Barcelona ta ci 3 da 1, yaron ɗan shekara 17 ya tafi gida da kyautar gwarzon wasa.

Sai Lamine Yamal, wanda mahaifinsa ɗan Maroko ne, mahaifiyarsa 'yar Equatorial Guinea, ya taso tsakanin garin Granollers da unguwar talakawa ta Rocafonda a Mataró. Lambar nan 304 da yake nunawa da yatsunsa idan ya ci ƙwallo, ƙarshen lambar gidan waya ce ta unguwar. Ya shigo Barcelona yana ɗan shekara 7, ya fara buga wa manya ranar 29 ga Afrilun 2023 yana da shekara 15 da wata 9. A gasar ƙasashen Turai ta 2024 a Jamus ya tafi da aikin makarantarsa yana yi a otal, ya ci Faransa ƙwallo a wasan kusa da na ƙarshe yana ɗan 16, ya ɗaga kofi kwana ɗaya bayan ya cika 17. A 2025 ya zo na biyu a Ballon d'Or, ƙungiyar kuma ta miƙa masa riga mai lamba 10.

Labari mai daɗi ke nan. Ga ɗaya gefen nasa.

Lokacin da Messi ya cika shekara 18, wasa tara kacal ya buga wa babbar ƙungiya a gasa, domin akwai Ronaldinho da Eto'o da Deco, ba a matsu da shi ba, aka riƙa shigo da shi sannu a hankali. Lamine kuwa ya buga wa Barcelona wasansa na 100 a watan Afrilun 2025, yana ɗan 17, ban da na ƙasarsa. Jikin da bai gama ƙwari ba ana sa shi karo da ƙarti kowane kwana uku. Wanda ya sa lamba 10 kafin Lamine shi ne Ansu Fati, haifaffen Guinea-Bissau, wanda ya fara wasa a 2019 yana ɗan 16, ya kafa tarihin mafi ƙarancin shekaru da ya ci ƙwallo a Kofin Zakarun Turai. A watan Nuwamban 2020 ya ji rauni a gwiwa, aka yi ta yi masa tiyata, raunukan cinya suka biyo baya. Duk da haka, da Messi ya tafi, shi aka ɗora wa lambar da dukan burin da ke tattare da ita. Daga baya aka tura shi aro Brighton, sannan Monaco. Pedri, wanda aka sayo daga Las Palmas yana matashi, ya buga wasa fiye da 70 a kaka guda yana ɗan 18, tsakanin ƙungiya da gasar Turai da Olympics, kakar da ta biyo baya ya fi zama a ɗakin jinya. Gavi ya tsinke jijiyar gwiwa a watan Nuwamban 2023 yana buga wa Sifaniya, ya yi kusan wata 11 ba ya wasa. Marc Bernal, ɗan 17, wasa uku ya buga a La Liga a watan Agustan 2024 kafin tasa jijiyar ta tsinke, ya yi jinyar shekara guda. Rauni yana iya samun kowa a kowane lokaci, amma idan ya yi ta maimaituwa a kan 'yan ƙasa da shekara 20 a gida ɗaya, dole a tambayi masu tsara yawan wasannin da suke bugawa, a ƙungiya da kuma a tawagar ƙasa.

Akwai kuma raunin da hoton asibiti ba ya nunawa. Bojan Krkić ya ci ɗaruruwan ƙwallaye a ƙananan rukunonin La Masia, aka laƙaba masa sunan sabon Messi, ya shiga manya a 2007 yana ɗan 17. Shekaru bayan haka ya fito ya bayyana cewa fargaba da jiri sun riƙa kama shi saboda matsin lamba, kuma wannan ne ainihin abin da ya hana shi zuwa gasar Turai ta 2008, alhali a lokacin an bar jama'a suna zaton ƙin ƙasarsa ya yi. Ya yi yawo a Roma da Milan da Ajax da Stoke City, har Kanada da Japan. Bayan ya yi ritaya a 2023, Barcelona ta ba shi aikin bibiyar matasa da waɗanda aka tura aro, kuma wannan na cikin shawarwari masu kyau da ƙungiyar ta yanke.

Mafi yawan yaran da ke shiga irin wannan makaranta ba za su taɓa buga wa babbar ƙungiya ba. Kowace ƙarshen kaka ana kiran iyaye a gaya musu cewa tafiya ta zo ƙarshe. Shi ya sa tsarin yini a La Masia ya ba karatun boko kaso mafi girma: makaranta da safe, cin abinci da hutu, darasi da malaman gida, atisaye kuma da yamma, wajen sa'a ɗaya da rabi. Tun 2021 aka fara ba 'yan mata masauki a gidan, bayan irin su Aitana Bonmatí sun taso suna doguwar tafiya a motar haya da jirgin ƙasa zuwa atisaye. Aitana, wadda ta yi wasa tare da Asisat Oshoala ta Najeriya, ta ci Ballon d'Or sau uku a jere daga 2023.

Barazana ta ƙarshe daga ofishin akanta take fitowa. Yaron da aka rena a gida ba a saye shi ba, don haka duk abin da aka sayar da shi riba ce tsantsa a littafin lissafi, kuma ƙungiyar da bashi ya dama tana ganin wannan a matsayin mafita mafi sauƙi. An sayar da Nico González ga Porto a 2023 a kan ƙasa da yuro miliyan 10, Manchester City ta saye shi a farkon 2025 a kan miliyan 60. Marc Guiu ya ci ƙwallo cikin daƙiƙoƙi da shigarsa wasansa na farko, Chelsea ta ɗauke shi a 2024 da yuro miliyan 6. Dani Olmo da ya tafi yana yaro sai da aka biya kusan miliyan 55 aka dawo da shi, aka kuma sha fama kafin a yi masa rajista. A 2025 'yan ƙasa da shekara 19 na ƙungiyar sun ci kofin matasa na Turai karo na uku, amma a wannan shekarar ƙaramar ƙungiyar Barcelona, wadda ita ce matakala tsakanin yara da manya, ta faɗa rukuni na huɗu, a daidai lokacin da sa'o'in 'yan wasanta suka riga suka haye sama.

La Masia ta yi nata. Sau biyu tana ɗaga Barcelona, a zamanin Guardiola da kuma bayan tafiyar Messi, kuma a karo na biyun ta yi hakan ne lokacin da bashi ya shaƙe ƙungiyar. Saura na shugabanni. An kashe maƙudan kuɗi wajen sabunta Camp Nou domin samu ya ƙaru, kuma idan aljihu ya sake cika, za a gane ko an ɗauki darasi ta hanyoyi uku: ko za a ci gaba da bar wa yaran gida gurbi a babbar ƙungiya, ko za a iya zaunar da ɗan shekara 17 a benci ya huta ko da ana tsananin buƙatar maki uku, da kuma irin hannun da za a miƙa wa yaron da aka sallama. Zuwa yanzu Barcelona ta ci jarrabawa ta farko ne kawai, ita ma tilas ce ta sa. Magoya bayanta da ke murnar ƙwallayen Lamine suna da haƙƙin su matsa wa shugabanninsu a kan sauran biyun.